Yadda Ake Tattara Tarihin Kaka Bayan Ta Rasu

Kakata ta wajen uwa ta rasu ban taɓa naɗar muryarta ko sau ɗaya ba. Na yi shekaru ina zama kusa da ita ina sauraron labaranta, har na ɗauka na haddace su. Bayan rasuwarta da 'yan watanni, 'yata ta tambaye ni sunan mahaifiyar Kaka. Na buɗe baki, na rasa abin faɗa. Daga ranar na ɗauki littafi da waya na shiga bin dangi ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci mini kusan shekara biyu saboda yawan kurakuran da na tafka. Bayansa na yi na kakata ta wajen uba, na yi na kakar maiɗakina, na kuma zauna da abokai da dama har suka kammala nasu. Duk inda na je abu ɗaya nake tararwa: marigayiyar ba ta tafi da labarinta duka ba. Yana nan a warwatse, kaɗan a bakin wannan, kaɗan a akwatin wancan. Sai dai masu riƙe da shi su ma tsufa suke yi, don haka aikin ba ya jira.

Kayan da za ka tanada

- Waya mai ɗaukar murya, ko 'yar rikoda in kana da ita. Ka duba sauran wuri a cikinta tun daga gida. Muryar da aka naɗa a tsarin MP3 tana cin kamar megabayit 1 a minti ɗaya, ta tsarin WAV kuma takan kai 10. WAV ta fi inganci, amma in wurin ya yi kaɗan, MP3 ta wadatar.
- Caja da batirin ajiya.
- Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, guda ɗaya tak, wanda ba a yin komai da shi sai wannan aikin. Takardu warwatse ɓacewa suke yi.
- Biro don littafin, da fensir mai laushi, irin 2B, don rubutu a bayan hotuna.
- Faffaɗar takarda ko farin kwali don zana zuriya, da abin goge fensir.
- Ambulan manya, da akwati mai murfi. In ka samu takarda marar asid, irin wadda masu adana kayan tarihi ke amfani da ita, madalla. In babu, farar takarda tsabtatacciya wadda ba a buga komai a kanta ba ta fi tsohuwar jarida nesa ba kusa ba.
- Filas ko faifan ajiya na kwamfuta, wanda za a keɓe don wannan aikin.
- Sikana, wato na'urar da ke kwafe hoto ko takarda zuwa kwamfuta, in akwai. In babu, kyamarar waya da hasken taga za su yi.

1. Ka fara da kanka, kafin ka tambayi kowa

Ka zauna kai kaɗai ka zubar da duk abin da ka tuna game da ita a littafin. Kada ka damu da tsari. Yadda take kiran sunanka, abin da ke ba ta dariya, tabon da ke hannunta, maganar da takan maimaita in ranta ya ɓaci, inda take ɓoye makulli. Ka ba wa wannan kwana uku ko huɗu, domin wani abin sai kana tafiya a hanya zai faɗo maka.

Dalilin farawa da kai shi ne, ƙwaƙwalwa tana aron labari. Da zarar ka ji kawunka ya ba da wani labari da armashi, bayan wata guda za ka rantse kana wurin aka yi, alhali ba a ma haife ka ba. Saboda haka ka sa wa kowane abu alama a gefen shafi. Ni harafi uku nake amfani da su: G, na gani da idona, F, ita ta faɗa mini da bakinta, J, a wurin wani na ji. Wannan alamar za ta bi ka har ƙarshen aikin.

2. Ka jera waɗanda za ka tambaya, mafi tsufa a sama

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na fara da mahaifiyata da ƙannenta don su ne a kusa, na bar ƙanwar Kaka, wadda suka tashi ɗaki ɗaya, na ce sai na samu hutu. Kafin hutun ya zo ciwo ya kwantar da ita, magana ta gagare ta. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san Kaka tana yarinya.

Don haka kada ka bi sauƙin zuwa, ka bi shekaru da lafiya. Wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni shi ne na farko, ko da tafiyar kwana ce. In zuwan ba zai yiwu ba a yanzu, ka kira ta waya ka naɗa da wata wayar, ko ka tura wa wani jika da ke kusa tambayoyi biyar ya yi a madadinka. Murya mai ƙarancin inganci ta fi babu.

Kada jerin ya tsaya a kan dangi na jini. Aminiyarta, tsofaffin maƙwabta, surukanta, yaran da ta riƙa, waɗanda suka yi sana'a ko ciniki tare da ita, duk ka sa su. 'Ya'ya sun san ta a matsayin uwa ne kawai, kuma akwai abin da uwa ba ta faɗa wa ɗanta. Aminiya ita ta san abin da ya hana ta barci. A ƙarshen kowace hira ka tambaya, "Wa kuma ya san ta da ya kamata in gani?" Rabin mutanen da suka fi amfanar da ni ta haka na same su.

3. Neman izini da shirya wurin zama

Ka faɗa wa mutum abin da kake yi a fili: tarihin Kaka kake haɗawa don jikoki, za ka naɗi muryarsa, kuma duk abin da ya ce kada a rubuta ba za a rubuta ba. Kada ka taɓa naɗar tsoho a ɓoye. Ranar da ya gane, ƙofarsa ta rufu, ta sauran dangi ma haka. In ya ce ba ya son na'ura, ka ajiye ta, ka saurara da kyau, kana fita ka rubuta duk abin da ka riƙe.

Mutum ɗaya a zama ɗaya. In ka tara 'yan'uwa uku, babban zai yi magana, sauran su yi ta gyaɗa kai, ka tashi da labarin mutum ɗaya kana zaton na uku ne. Taron yana da ranarsa, amma sai bayan ka ji kowa shi kaɗai.

Ka nemi ɗakin da ba hayaniya, a kashe fanka da talabijin da rediyo. Kunnenka yana tace ƙarar fanka, waya ba ta tacewa. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse naɗin, ka ɗora ta a kan naɗaɗɗen ƙyalle, tazarar kamu biyu ko uku daga mai magana. Ka gwada na rabin minti ka saurara. Sannan ka fara da faɗin kwanan wata, sunanka, sunan wanda kake hira da shi, da dangantakarsa da Kaka. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa. Tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba, kuma zama uku gajeru sun fi dogo ɗaya albarka, don tsakanin zuwa da zuwa yakan kwana yana tuno abubuwa.

4. Yadda ake tambaya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne sabon shiga ya fi ɓata rawarsa da tsalle.

Kada ka buɗe da "A wace shekara aka haife ta?" Yawancin tsofaffi ba su riƙe shekaru ba, kuma tambayar da mutum ya kasa amsawa tun farko tana sa shi jin kamar jarrabawa ake masa. Haka nan "Wace irin mace ce Kaka?" ba ta haifar da komai sai "Allah sarki, mutuniyar kirki ce, mai haƙuri." Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowace kaka.

Ka tambayi abin da ake gani da ido, ake taɓawa da hannu:

- "Goggo, in kin shiga gidan da kuka tashi, me ke hannun dama?"
- "Wane aiki ne nata da safe, wane ne naki?"
- "Wa take tsoro tana yarinya? Wa take gudu wurinsa in an yi mata faɗa?"
- "Kawu, yaushe ka fara ganin ta yi kuka?"
- "Da me take samun kuɗin kanta, kuma wa ya koya mata?"
- "Wace tafiya ce mafi nisa da ta taɓa yi, a me aka tafi?"

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa tsofaffi sun fi tuna abin da ya same su tsakanin shekara 10 zuwa 30 da haihuwa fiye da na tsakiyar rayuwa. Ka yi amfani da wannan. Ka mayar da mai maganar zuwa ƙuruciyarsa shi kansa, Kaka za ta fito a cikin labarin da kanta.

Ka tafi da wani abu nata a hannu. Lokacin da na je wurin aminiyar Kaka, mun yi kusan rabin awa ba ta ba ni komai ba sai addu'a. Na ciro tsohon almakashin Kaka daga jaka, mai baƙin mariƙi, wanda aka ɗaure ƙusarsa da zare. Ta karɓa ta jujjuya shi, ta sa yatsu ta buɗe ta rufe, ta yi shiru. Can ta ce, "Wannan ai nawa ne. Aro ta yi." Ta yi dariya har da hawaye. Daga nan ta ba ni labarin yadda su biyu suka koyi ɗinki a keke ɗaya, da yadda Kaka ta yi wata uku tana ɗinki da dare don biyan kuɗin maganin ɗanta na fari, wanda duk da haka bai yi rai ba. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin an yi wannan wan nata ba sai a ranar.

Ka koyi yin shiru. In mai magana ya tsaya, kada ka yi saurin cike gurbin. Ka ƙirga goma a zuci. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne abin da ka zo nema. In kuka ya zo, ka tambaya ko a dakata, ka bar shi ya zaɓa.

Kada ka gyara wa tsoho magana, ko ka tabbata ya yi kuskure. Kada ka ce "Ai Baffa ya ce ba haka aka yi ba." Ka rubuta a gefe, ka bari sai mataki na 9. Kada kuma ka sa masa amsa a baki, irin "Ta sha wahala a gidan nan, ko?" Zai ce eh don ya faranta maka. Ka ce, "Yaya zamanta ya kasance a gidan?"

In ya kauce ya shiga labarin kansa, ka ƙyale shi na ɗan lokaci. Shi ma nan gaba wani jikan zai nemi nasa tarihin, ga shi ka riga ka naɗa.

Duk sunan da aka ambata, na mutum ko na wuri, ka rubuta shi nan take, a ƙarshe ka nemi a maimaita maka. Ka tambayi sunayen Kaka duka: ainihin sunanta, laƙabin gidansu, da wanda jikoki ke kiranta da shi. Na taɓa zana mata biyu a takardar zuriya, ashe mutum ɗaya ce mai suna biyu.

5. Aikin da ba a kwana ba a yi ba

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A daren da ka yi hira, ka sauya wa fayil ɗin suna. Ka fara da shekara, wata, rana, sannan mai magana, misali 2024-03-17 goggo babba zama na 1. In ka jera haka, kwamfuta za ta tsara su bi da bi da kanta. Ka kwafe shi zuwa filas. Ka rubuta a littafi abin da waya ba ta ɗauka ba: inda ta nuna da hannu, hoton da take kallo lokacin da ta ce "wannan", inda fuskarta ta canza.

Juya murya zuwa rubutu kalma da kalma yana cin awa 4 zuwa 6 a kan kowace awa ɗaya ta hira. In ba ka da wannan lokacin, ka saurara sau ɗaya kana rubuta minti da abin da aka faɗa: minti 12, rasuwar mahaifinta, minti 31, ƙaura zuwa gidan yayanta. Sai ka kwafe wuraren da suka fi muhimmanci kawai. In za ka kwafe, ka bar maganar yadda ta fito, da karin harshenta da tsofaffin kalmominta. Kada ka mayar da ita irin maganar jarida.

6. Hotuna, takardu da kaset

Ka roƙi kowane gida su fito da abin da suke da shi: hotuna, wasiƙu, katin asibiti, katin shaida, fasfo, takardar makaranta, rasit, littafin da take sa a rubuta mata bashi. Kada ka ce a ba ka ka tafi da su. Mutane suna tsoron abin da aka ara ba ya dawowa, kuma suna da gaskiya. Ka ɗauki hotonsu a nan gabansu.

In da sikana, ka sa ma'aunin kaifin hotonta, wanda ake kira dpi, a 600 don ƙananan hotuna, 300 don takardu. In da waya ce, ka shimfiɗa hoton kusa da taga da rana, ka kashe fitilar kyamara, ka riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Ka ɗauki bayan hoton ma, domin hatimin mai hoto ko wani ɗan rubutu yakan ba da shekara ko gari. In wani zai turo maka hoto ta WhatsApp, ka ce ya turo a matsayin fayil, don in ya turo a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ingancin ya ragu.

Ka nuna wa tsofaffi kowane hoto su faɗi waɗanda ke ciki, daga hagu zuwa dama, ka rubuta da fensir a baya a hankali ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsowa.

Abubuwan da ke kashe tsohon hoto: salatif, gam, ƙusar maƙala takarda, robar ɗauri, danshi, da hasken rana. Kada ka kai a manne shi cikin leda da injin zafi. Mutane suna yi da niyyar kariya, amma ba a iya cire shi kuma, zafin da gam ɗin suna lalata shi a hankali. In hoto ya manne da gilashin firam, kada ka ɓamɓare, ka ɗauki hotonsa ta cikin gilashin. Manhajojin da ke "gyara" tsohuwar fuska su ma ka yi hattara da su, don abin da ya dushe ƙirƙiro shi suke yi. Na gwada a hoton Kaka, aka ba ni wata kyakkyawar mace da mahaifiyata ta ce ba ta san ta ba. In ka yi, ka ajiye na asalin dabam.

In Allah ya sa aka samu kaset mai muryarta, ka ɗauke shi kamar ƙwai. Kaset irin wannan kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma shekaru da dama mutane suna aika wa juna saƙon murya da shi, don haka ka tambayi dangin da suka yi zaman nesa. Ka fara karya 'yan haƙoran roba biyu da ke samansa don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure. Ka gwada rediyon da wani kaset marar amfani tukuna, ka ga ko yana cin zare. Sannan ka haɗa shi da kwamfuta ka naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. In babu wayar haɗi, ka ajiye wayarka gaban lasifika a ɗaki shiru. Ka naɗa tun a kunnawar farko, don tsohon zare ba shi da tabbas.

7. Gano shekaru

Kada ka yarda da ranar haihuwar da ke katin shaida ido rufe. Inda ba a rubuta haihuwa ba, ma'aikaci yakan ƙiyasta shekara ya sa 1 ga Janairu.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ɗaura labari a jikin babban abin da ya faru wanda aka san shekararsa. Ka keɓe shafi biyu a littafinka ka jera irin waɗannan: annobar mura ta 1918 zuwa 1919, Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945, saukar ɗan'adam a duniyar wata a Yulin 1969. Ka ƙara na ƙasar da kakarka ta zauna: samun 'yancin kai, canjin kuɗi, ƙidayar jama'a, babban fari ko ambaliya, zuwan jirgin ƙasa ko lantarki, rasuwar wani shugaba. Husufin rana ma yana taimakawa ƙwarai, domin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta wallafa jadawalin kowane husufi da wuraren da aka gan shi.

Sai ka riƙa tambaya da su. Wata goggona ta ce mini lokacin da sojoji suka dawo daga babban yaƙi, wato Yaƙin Duniya na Biyu, Kaka tana goyon ɗanta na biyu. Wannan ya sa haihuwarsa wajen 1944 zuwa 1946. Na ja baya da tazarar haihuwa da shekarun da aka ce ta yi kafin ta fara haihuwa, na samu haihuwarta a tsakiyar shekarun 1920, kusan shekara takwas kafin abin da katinta ya nuna. Tambayar "wa ya girmi wa, da shekara nawa" ita ma tana warware abubuwa da yawa, don mutane ba sa manta sa'o'insu.

In ka ci karo da takarda mai shekarar Hijira, ka tuna shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Don mayar da ita shekarar Miladiyya, ka raba shekarar da 33, ka debe abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1360: in ka raba da 33 za ka samu kamar 41, ka debe ya rage 1319, ka ƙara 622 ya zama 1941. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya.

Duk shekarar da ka ƙiyasta, ka rubuta "wajen" a gabanta, ka kuma rubuta yadda ka same ta. In ba haka ba, jikanka zai ɗauke ta a matsayin tabbas.

8. Zana zuriya

Da fensir, a faffaɗar takarda. Ka sa Kaka a tsakiya, iyayenta da kakanninta a sama, 'yan'uwanta a gefe, 'ya'ya da jikoki a ƙasa. Ka sa waɗanda suka rasu suna ƙanana, ka sa kowane aure da ta yi. Inda ba ka sani ba ka bar gurbi da alamar tambaya. Ka naɗe takardar ka riƙa yawo da ita, domin tsoho in ya ga gurbi yakan cike shi nan take. Tsakanin uwa da 'ya a lissafin zuriya yawanci shekara 20 zuwa 30 ne, in ka ga tazarar ta kai 60, to an tsallake mutum. Mai son ya sa a kwamfuta, akwai manhajar Gramps ta kyauta, kuma ya adana a tsarin GEDCOM, wanda yawancin manhajojin zuriya ke karantawa.

9. In labarai suka saɓa, ko sirri ya fito

Za su saɓa. Wani zai ce ita ta bar gidan, wani ya ce fitar da ita aka yi. Kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Ka duba wa yake wurin, shekararsa nawa a lokacin, kuma me zai ƙaru da shi in labarin ya tafi yadda ya faɗa. Wanda ya gani yana gaban wanda ya ji. In mutum biyu suka faɗi abu ɗaya, ka bincika ko ɗayan a bakin ɗayan ya ji, don in haka ne shaida ɗaya ce. In abin ya ƙi warwaruwa, ka rubuta duka biyun da sunan mai kowanne.

Sirri kuwa, ka'idata ita ce: wahalar da ta sha da kanta, kamar talauci, rashin 'ya'ya, ciwo, mutuwar aure, ina rubutawa da ladabi, domin a nan ne ƙarfin halinta yake. Abin da zai tozarta wani mai rai, ko ya tayar da tsohuwar gaba, ba na sa shi a kwafin da za a raba. Ina barinsa a littafina da bayanin wanda ya faɗa. Wanda kuma aka ce mini amana ce, ko a littafin ba ya shiga.

10. Rubutawa

Ka bi rayuwarta daga farko zuwa ƙarshe, shi ya fi sauƙi ga mai farawa: asalinta da iyayenta, ƙuruciya, aure da 'ya'ya, sana'a, ƙaurace-ƙaurace, tsufa, rasuwa. Inda labari ya yi yawa ka baje shi, inda babu ka faɗa a layi ɗaya cewa ba a samu wanda ya san waɗannan shekarun ba. Kada ka cike gurbi da ƙirƙira, ko da ka ga ya dace.

Ka bar mutane su yi magana da bakinsu, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maimakon ka rubuta cewa tana da kyauta, ka kawo maganar maƙwabciyar da ta ce ta tarar da kuɗi ƙunshe a ƙarƙashin matashinta bayan Kaka ta zo duba ta. Kada kuma ka wanke ta tas har ta zama ba mutum ba. In tana da faɗa, ka ce tana da faɗa, ka kawo ranar da ta kori mai karɓar bashi da muciyar hannunta ko da kakkausar murya, yadda aka ba ka. Waɗanda suka san ta za su yi dariya su ce lallai ita ce, waɗanda ba su san ta ba kuma za su samu mutum da za su so.

Shafi 15 zuwa 30 ya isa. Kafin ka buga, ka karanta wa manyan da suka ba ka labari da babbar murya. A nan ne za a ce maka ka juya sunaye, ko a tuno wani abu sabo. Ka tafi da wayarka a kunne, da izininsu.

11. Adanawa da rabawa

Masu adana bayanai suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace, ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a filas da ke gidan wani ɗan'uwa, ɗaya a ma'ajiyar intanet kamar Google Drive, kuma wani amintacce ya san yadda ake shiga. Wani abokina ya yi hira da mutum tara, duk a waya ɗaya, aka sace wayar a mota. Biyu daga cikin taran sun riga sun rasu.

Ka buga a takarda ko da kwafi biyar ne, ka ba kowane reshe na zuriyar ɗaya, domin takarda ba ta buƙatar caji ko lambar sirri. A shafin ƙarshe ka rubuta sunayen waɗanda ka yi hira da su da ranakun, da inda muryoyin da ainihin hotunan suke. Ka bar shafuka uku ko huɗu farare don gyara da ƙari. Kada ka ɗora cikakkun ranakun haihuwa da hotunan katin shaidar masu rai a shafukan sada zumunta. Sau ɗaya a shekara ka buɗe filas ɗin ka kunna fayil biyu ko uku ka tabbatar suna aiki, kuma duk bayan 'yan shekaru ka kwafe komai zuwa sabo.